Sharon Inouye da ruɗewar tsoho a gadon asibiti

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar tsoho a asibiti ya san abin da kan faru a dare na biyu ko na uku. An kawo Baba da ciwon huhu ko karayar ƙugu, hankalinsa garau, har yana tambayar wa aka bar wa makullin shago. Ba a rufa kwana biyu ba sai ya soma fizge robar ƙarin ruwa, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, yana cewa a buɗe masa ƙofa zai tafi gona, alhali ƙarfe biyun dare ne. Gari na wayewa ya dawo daidai, ya gaisa da kowa. La'asar na yi ya sake birkicewa. 'Yan uwa su koma gefe suna ƙus-ƙus. Wani ya ce gigin tsufa ne ya kama shi, wata ta ce a nemo mai ruƙiya, wani kuma ya yi shiru don a ransa ya riga ya ɗauka alamun tafiya ne. Su ma ma'aikatan asibiti, a ƙasashe da yawa kuma shekaru da yawa, amsarsu ba ta wuce ta dangi ba: ai dama haka tsofaffi suke yi. A ba shi maganin barci. In ya ƙi kwanciya, a ɗaure masa hannu a jikin gado.

Wata likita Ba'amurkiya mai suna Sharon Inouye ta ƙi karɓar wannan amsa, ta kuma shafe fiye da shekara 30 tana bin diddigin lamarin, da farko a Jami'ar Yale, daga baya a Harvard. Ba ita ta gano ciwon ba. Likitocin da can sun san shi, Turawa suna kiransa diliriyam, wato ruɗewar farat ɗaya da ke kama ƙwaƙwalwa idan jiki ya jigata. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki abin da kowa yake gani yana wucewa, ta yi masa ma'auni, ta ƙirga dalilansa, sannan ta gwada ko za a iya tare shi kafin ya zo. Wannan jerin aiki, daki-daki, shi ne gwanintar da nake so mu duba, domin ban san wani bincike a fannin lafiyar tsofaffi da ya fi shi kusa da abin da ɗan jinya ke iya yi da hannunsa ba.

Fannin kansa ba wani tsoho ba ne. A 1935 aka damƙa wa wata likita a Ingila, Marjory Warren, majinyata 714 da aka jibge a wani gidan gajiyayyu da ke maƙwabtaka da asibitin West Middlesex, aka ce ba masu warkewa ba ne. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta tarar da yawansu suna da ciwon da ke da magani, wasu kuma kwanciyar ce kawai ta kassara su. Ta tayar da su, da dama suka koma gida. Inouye jikanyar wannan tunani ce, sai dai ita ta ƙara masa lissafi.

Matsala ta farko da ta tarar ita ce babu yadda likitocin da ba na taɓin hankali ba za su yarda a kan abin da suke gani. Wannan ya rubuta a takarda cewa majinyaci ya ruɗe, wancan ya ce ya gaji, ma'aikaciyar jinya ta ce yana da rigima. Abin da ba a yarda a kan kamanninsa ba kuwa, ba a iya ƙirga shi, balle a san ko magani ya rage shi. A 1990 ita da abokan aikinta suka wallafa wata hanyar tantancewa da aka fi sani da CAM, wadda ba ta cin fiye da minti biyar a bakin gado, aka kuma gwada ta da hukuncin ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa aka ga sun yi daidai a fiye da kashi 90 cikin 100. Abubuwa huɗu take dubawa. Na farko, ko canjin ya zo ne kwatsam kuma yana hawa da sauka cikin yini. Na biyu, ko mutum ya kasa tattara hankalinsa wuri ɗaya. Sauran biyun su ne maganar da ba kai ba gindi, da kuma canji a farkawarsa, ko dai ya cika magagi ko ya cika zabura. Sai an sami biyun farko tare, da ɗaya daga cikin biyun ƙarshe, sannan a ce ciwon ne.

A takarda abin kamar ba komai. A bakin gado ne ake ganin hikimarsa. Likita ya ja kujera ya zauna daidai fuskar majinyaci, ba ya tsaya masa a kai ba, ya tabbata tabarau na idonsa kuma yana jin magana. Ya ce, “Baba, sannu da jiki. Ina so ka faɗa mini ranakun mako, amma ta baya. Fara daga Asabar.” Baba ya ce Asabar, Juma'a, ya yi jim, idonsa ya bi mai shara da ke wucewa, sai ya ce an biya mai ruwa kuwa? Likita bai gyara masa ba, bai kuma yi dariya ba. Ya juya wajen ɗiyar da ke tsaye da kwanon abinci, ya ce, “Hajiya, haka yake a gida?” Ta ce, “Wallahi likita, ranar Litinin shi ya yi mana lissafin kuɗin taki da kansa, bai yi kuskuren ko naira ɗaya ba.” To, wannan amsa ta Hajiya ta fi hoton ƙwaƙwalwa amfani a wannan lokaci. Cutar mantuwa, irin su Alzaima, tafiyar hawainiya take yi, wata da watanni, shekara da shekaru, kuma a farkonta mutum yana iya sauraronka da kyau, riƙewar ce ke gagararsa. Wanda ya yi lissafin taki ranar Litinin ya kasa jera ranakun mako ranar Alhamis, wani abu ne ya same shi tsakanin Litinin da Alhamis, kuma abin da ya sami mutum cikin kwana uku sau da yawa ana iya gano shi a kawar. Ma'aunin Inouye ya mayar da ɗan jinya shaida na farko, don tambayar farko ba ta amsuwa sai da wanda ya san yadda tsohon yake kafin a kawo shi.

Akwai wani nau'in ciwon da ya fi ba ni tsoro, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ba kowane mai wannan ruɗewa ne ke ihu da fizge-fizge ba. Da yawa shiru suke yi. Tsohuwa ta kwanta lamo, ba ta ci, ba ta neman komai, in an yi magana ta ɗaga kai ta mayar. Kowa ya ce Inna ba ta da fitina, tana hutawa. A wani bincike da Inouye ta wallafa a 2001, an kwatanta abin da ma'aikatan jinya suka lura da shi a aikinsu na yau da kullum da abin da masu bincike suka gano da gwaji, sai aka ga ma'aikatan sun gane ciwon ne a ƙasa da sulusin waɗanda ke ɗauke da shi. Waɗanda aka fi kasa ganewa su ne masu shirun nan, da waɗanda suka kai shekara 80 ko suka haura, da masu raunin gani, da waɗanda dama suna da mantuwa. Ba sakaci ne ya jawo ba. Ido kawai ba ya ganin rashin tattara hankali, sai an yi tambayar da ke buƙatarsa.

Da ma'auni ya samu, sai tambaya ta biyu: wa abin ya fi kamawa, kuma me ke tayar da shi? A nan ta raba dalilan gida biyu, kuma wannan rabon ya zama ginshiƙin fahimtar ciwon har yau. Akwai abin da majinyaci ya shigo da shi daga gida. A bincikenta na 1993 ta ware huɗu: raunin gani, tsananin ciwon da ya kawo shi, raunin ƙwaƙwalwa da dama yana nan, da ƙarancin ruwa a jiki wanda gwajin jini ke nunawa. Akwai kuma abin da ke samunsa bayan an kwantar da shi, wanda ta wallafa a 1996: ɗaure shi a gado, rashin cin abinci, ƙara masa magunguna fiye da uku a tashi ɗaya, sa masa robar fitsari, da duk wata illa da magani ko aikin asibiti ya jawo. Gidajen biyu tare suke aiki, kamar katangar ƙasa da ruwan sama. Sabuwar katanga sai an yi mamakon ruwa kafin ta motsa, wadda ta riga ta zaizaye kuwa yayyafi ma ya isa ya kayar da ita. Dattijo mai ƙarfi sai an yi masa babbar tiyata ko ciwo ya kai shi ɗakin kulawa ta musamman kafin ya ruɗe. Tsohuwa mai yanar ido da 'yar mantuwa, ƙwayar maganin barci guda ɗaya ta wadatar.

A sake duba jerin na biyu. Kusan dukkansa aikin asibiti ne. Igiyar da aka ɗaure Baba da ita don kada ya faɗo, robar da aka sa masa don kada ya jiƙa zanin gado, ƙwayar da aka ba shi don ɗakin ya samu barci, su ne ke ƙara dulmiyar da shi. Likita ce ta rubuta wannan a kan sana'arta, a mujallar da abokan aikinta ke karantawa, da alƙaluma a hannu. Ina ganin wannan jarumta ce, kuma ita ce ta buɗe ƙofar abin da ya biyo baya, domin abin da hannun mutum ya jawo, hannun mutum na iya dainawa.

Gwajin da ya fitar da sunanta an yi shi a asibitin koyarwa na Yale da ke New Haven, aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 1999. Majinyata 852 ne, kowannensu ya kai shekara 70 ko ya haura, kuma babu mai ruɗewa a cikinsu ranar da aka kwantar da shi. Rabi suna ɗakin da ake aiwatar da sabon tsari, rabi suna ɗakunan da ake kulawa yadda aka saba. Ba ta iya raba su ta hanyar ƙuri'a ba, don a cikakken asibiti inda gado ya samu nan ake kai mutum, saboda haka sai aka riƙa haɗa kowane majinyaci da takwaransa a ɗaya ɓangaren, wanda suka yi kusa a shekaru, jinsinsu ɗaya, haɗarinsu ɗaya. Masu auna ruɗewar kuma daban suke da masu ba da kulawar, kullum sai sun zagaya sun gwada kowa.

Shi tsarin, ko ƙwayar sabon magani ɗaya babu a cikinsa. Abubuwa shida aka sa wa ido: raunin ƙwaƙwalwa, rashin barci, rashin motsi, raunin gani, raunin ji, da ƙarancin ruwa. An kafa allo kusa da gado an rubuta sunayen masu kula da majinyaci da abin da za a yi masa a ranar, ana kuma zuwa sau uku a yini a yi hira da shi kan labarun duniya ko zamanin ƙuruciyarsa. Ana tayar da shi ya taka sau uku a rana, wanda ba ya iya tashi a sa shi ya motsa gaɓoɓinsa a kan gado. Mai tabarau a sa masa tabarau, mai na'urar ji a sa masa, wanda dattin kunne ya toshe masa ji a cire. Wanda jininsa ya nuna ƙishi a riƙa miƙa masa kofi ana lallashinsa ya sha. Wajen barci ne abin ya fi burge ni. Maimakon ƙwaya, da dare a kawo masa madara mai ɗumi ko shayin ganye, a sa masa sauti mai sanyi, a yi masa tausa a baya. A rage hayaniya a baranda, a kuma sake tsara lokacin magani da awon jini yadda ba za a tashe shi tsakar dare ba gaira ba dalili. 'Yan sa-kai da aka horar na cikin waɗanda suka yi wannan aiki, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan jinya da likitan tsofaffi.

Wani zai ce ai wannan kowa ya sani, tausayi ne kawai. Gaskiya ne kowa ya sani. Amma sanin abu daban, yin sa kullum ga kowane majinyaci daban, kuma a nan ne binciken ya zama bincike. Kowace tausa, kowane taku, kowane kofin ruwa an rubuta ko an yi ko ba a yi ba, in ba a yi ba me ya hana. Da aka tattara, an cika kashi 87 cikin 100 na abin da aka tsara. Sakamakon kuwa: a ɗakunan da aka saba, kashi 15 cikin 100 suka ruɗe, a ɗakin sabon tsari kashi 9.9. Jimillar kwanakin da aka yi cikin ruɗewa 161 ne a can, 105 a nan. Kusan mutum ɗaya cikin kowane uku da da ciwon zai kama, ya tsira, da madara da tabarau da hira.

Ta kuma rubuta abin da bai yi daɗi ba. Waɗanda ciwon ya riga ya kama, tsarin bai rage masa tsanani ba, bai kuma hana shi dawowa ba. Mai neman suna zai so ya binne wannan layi a ƙarshen takarda, ita kuwa ta ɗora hukuncinta a kansa, ta ce ƙarfin aikin a rigakafi yake. Binciken da wasu suka yi daga baya ya ƙara wa maganarta nauyi ta wata fuskar. Wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa haloferidol, maganin da aka daɗe ana yi wa majinyacin da ya birkice allurarsa, bai rage kwanakin ruɗewa ga waɗanda ke ɗakin kulawa ta musamman ba. Yana iya kwantar da wanda ke neman ji wa kansa ciwo, amma ba ya warkar da abin da ke ƙasa.

Dalilin da ya sa lamarin ya cancanci shekara 30 na rayuwar likita shi ne ruɗewar ba ta tafiya haka nan. Tsohon da ta kama ya fi daɗewa a asibiti, ya fi faɗuwa, ya fi fuskantar mutuwa a watannin da ke biye. A wani bincike na 2012 da Inouye ke cikin marubutansa, an bi mutane 225 da aka yi wa tiyatar zuciya, kusan rabinsu suka ruɗe bayan aikin, kuma waɗannan sun fi jinkirin dawowa da kaifin ƙwaƙwalwarsu na da, wasu har bayan watanni. Ga masu cutar mantuwa kuwa, bincike ya nuna ruɗewa ɗaya na iya ƙara wa mantuwar gudu. Wato abin da aka kira gigin tsufa bisa kuskure, in aka bar shi, yana iya kai mutum ga gigin na gaske. Tsarin nata, wanda aka sani da HELP, yanzu yana aiki a ɗaruruwan asibitoci a ƙasashe daban-daban, kuma nazarin da ya tattara gwaje-gwaje irinsa ya nuna har faɗuwar majinyata yana ragewa.

A asibitocinmu likitocin tsofaffi 'yan ƙalilan ne. Sai a 2012 aka buɗe cibiya ta musamman domin tsofaffi a asibitin koyarwa na Ibadan. Amma abin da asibitin Amurka ya sha wahalar samarwa, wato mutum a gefen gado dare da rana, mu muna da shi a shimfiɗe a kan tabarma ƙarƙashin kowane gado. Ɗan jinya shi ke ba da abinci, shi ke wanki, shi ke sayo magani, shi ya san ko Baba ya yi barci. Abin da ya rage masa shi ne sanin cewa waɗannan ƙananan hidimomi su ne rigakafin, ya kuma yi su da gangan. Ya tuna ya ɗauko tabarau da aka bari a kan taga a gida lokacin da aka fito a gigice. Ya ɗaga labule da safe don tsoho ya ga rana ta fito. Ya faɗa masa lokacin kowace salla ya taimaka masa ya yi ta ko a zaune, domin ga mutumin da ya shekara 70 yana auna yininsa da Azahar da La'asar, babu allon da ya kai wannan tuna masa inda yake. Ya sa ido a kan ruwa, musamman da bazara, don tsufa na rage jin ƙishi, kuma tsofaffi da yawa suna ƙin sha da gangan saboda kunyar a kai su bayi ko gudun karyewar alwala. In likita ya yarda, ya riƙe masa hannu su taka zuwa baranda su dawo. 'Yan dubiya ma, da duk alherin da ke cikin zuwansu, a rage su bayan Isha.

Idan kuma duk da haka ruɗewar ta zo, ranar ake faɗa wa likita, ba a jira zagayen gobe, kuma a faɗa masa da kalmomin da za su sa ya tsaya: jiya ba haka yake ba. Daga nan aikin likita ne ya bi sawu, ya duba zazzaɓi, sukari, iskar da ke jini, ciwon mafitsara, fitsarin da ya taru ya ƙi fita, bayan gida da ya ƙi zuwa, ciwon da tsohon ke ji bai faɗa ba. Sannan a zazzage ledar magunguna a gabansa gaba ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da firitin ɗin da aka ba Baba don mura da baliyam ɗin da maƙwabci ya kawo don ya samu barci, domin waɗannan biyun suna cikin magungunan da aka sani da birkita ƙwaƙwalwar tsoho.